Kafiretar Mashin Ɗin Yopal

Asabar, 3 ga Agusta

Na sayi mashin ɗin. Ja ne, shekararsa tara a hannun wani mai kai burodi a nan Yopal, ƙasar zafi. Peso miliyan biyu da dubu ɗari uku. Na zagaya unguwa da shi sau biyu, tafiya sumul, ba hayaƙi. Mutumin ya ce, "Baiwar Allah, mai kawai za ki zuba masa, ba ya neman komai."

Yolima, shugabar kicin ɗinmu a sansanin masu haƙar mai, ta ba ni hutun wata biyu. Ta ce in ɗaya ga Oktoba ta yi ban dawo ba, wata za ta ɗauka. Wata biyu ya isa. In ga Baba ya ɗan ji ƙarfi daga shanyewar jikin da ta same shi, ƙanena Misael ya samo mai kula da shi, in sauko. Mashin ɗin na zirga-zirgar asibiti ne kawai. Gidanmu can kan duwatsu yake, kilomita tara sama da garin Mongua, kuma motar madara sau ɗaya take wucewa a rana.

Lahadi, 4 ga Agusta

Tun da na wuce Pajarito mashin ya soma tari. Ina ƙara hawa yana ƙara sanyin jiki, in na murɗa totur sai ya yi kamar an shaƙe shi. A giya ta biyu na ƙarasa.

Baba yana zaune a bakin ƙofa cikin ruana, mayafinsa na ulu. Ɓarin dama ya shanye, hannun a ajiye a cinya kamar ba nasa ba. Mutumin da ya shekara talatin yana jan motar gawayi a duwatsun nan. Maƙwabciyarmu Doña Tránsito ta ce magana ta tafi, sai kalma ɗaya ɗaya, da zagi. Zagin bai tafi ko'ina ba.

Ya fi daɗewa yana kallon mashin a kan kallona. Shekara goma sha tara da barina gida, zuwana huɗu. Ban san me na yi tsammani ba.

Laraba, 7 ga Agusta

Sanyi. Ashe na manta da irin sanyin nan.

Juma'a, 9 ga Agusta

Kullum da safe sai na buga kik fiye da sau ashirin. Yau ina cikin bugawa Baba ya ƙwanƙwasa sandarsa a ƙasa, ya nuna injin, ya toshe hanci. Da ƙyar na gane fulogi yake so in kwance. Na kwance, ga shi baƙi ƙirin, kamar gindin tukunya. Ya karɓa da hannun hagu, ya juya shi, ya ce, "Baƙi." Sai ya bi shi da ashar.

Raina ya ɓaci, ban ma san dalili ba. Ko na sani. Muna yara, in ya buɗe gaban mota Misael yake kira. Ni in na matso sai ya ce, "Herminda, je ki taya uwarki." Ga Misael can a Bogotá yana sayar da wayoyi, ko facin taya bai iya ba.

Talata, 13 ga Agusta



Baba ya tashi da zazzaɓi, ƙirjinsa yana wata irin ƙara. Na kwantar da shi, na sauka gari na ɗauko ma'aikaciyar jinya. Gangara ba matsala. A dawowa, mu biyu da jakarta, muna kaiwa hawan da ke bayan makaranta mashin ya mutu. Na buga, na buga. Muka jingine shi a shinge muka hau da ƙafa, minti arba'in, ni ina haki kamar ba a nan aka haife ni ba.

A ƙasa muka same shi, tsakanin gado da ƙofa. Ya yi ƙoƙarin tashi. Goshinsa ya fashe, jikinsa sanyi ƙalau saboda siminti. Ma'aikaciyar jinyar ta yi masa allura, ta ce sanyi ne ya sauka a ƙirji, an tare shi da wuri. Ta ce kada in zargi kaina.

Da na ɗaga shi ya riƙe wuyan rigata bai saki ba har muka kai gado.

Alhamis, 15 ga Agusta

Na gangara da mashin wurin Nepo bakanike. Ajinmu ɗaya a firamare, yanzu ya yi tumbi da sanƙo. Yana ganina ya ce, "A'a, 'yar ƙasar zafi! Ke da mashin ɗinki duk numfashi ya gagare ku?" Na ce ya yi aikinsa, sanƙo.

Ya kwance kafireta ya baje a kan tsumma. Ya ce mashin lafiyarsa ƙalau, ba a cuce ni ba. Iskar nan sama ce ba ta da kauri irin ta Yopal, shi kuma yana shan mai gwargwadon can, man ya yi wa iskar yawa, shi ya sa yake shaƙewa. Ya nuna mini wani ɗan ƙarfe kamar ƙwayar masara mai huda a tsakiya, jet, ta nan mai yake bi. In aka sa mai ƙaramar huda zai hau ko'ina. Amma in na sauka da shi Yopal a haka, man zai yi kaɗan, injin ya yi ta zafi har ya ci kansa.

Ya ce, "To a ina zai zauna?"

Na ce wata biyu kawai zan yi.

"Ban tambaye ki ke ba, mashin nake tambaya." Ya yi dariya. Ya ce ba wani abu ba ne, ranar tafiya a mayar da tsohon, aikin minti ashirin. Na ce ya wanke ya mayar yadda yake, zan yi tunani. Ya dube ni kamar wadda ta zare. Da gaskiyarsa. Shekaranjiya na ga abin da ya faru, amma na kasa cewa ya canza. Sabon fulogi kawai na saya.

Lahadi, 18 ga Agusta

Misael ya kira bayan coci. Wai mai kula da tsoho a ƙauye ba ta samuwa, ya tambaya. Wai akwai gidan tsofaffi a Sogamoso, mai tsabta, a sayar da shanun uku a kai shi. "Yaya, ki yi tunani da kai, ba da zuciya ba. Ke ma kina da rayuwarki."

Ina da ita. Ɗaki ɗaya da fanka, da tukwanen mutum ɗari da ashirin. Ba na raina ta, da hannuna na gina ta.

Na manta na sa wayar a lasifika. Baba ya ji komai. Bai yi zagi ba, abin da ya fi damuna ke nan. Ya juya fuska bango. Romon dankalin da na kai masa ya huce a inda na ajiye.

Talata, 20 ga Agusta

Na sa Nepo ya canza jet. Don hawan bayan makaranta ne, ba don komai ba.

Ya ce sauran aikin nawa ne, tunda gidanmu ya fi gari tudu. In bar injin ya yi ɗumi, in riƙa juya ɗan sukurun iska kwata kwata har sautin ya washe. Na ce ta yaya zan san ya washe? Ya ce, "Kina da kunnen da ya fi nawa a gida, yana zaune a banza."

Laraba, 21 ga Agusta

Na fito da Baba rana, na jawo mashin gabansa. Kwana uku bai dube ni sosai ba. Na tayar da injin, na tsuguna da sukudireba. Na juya kwata. Ni dai duk ɗaya nake ji. Na ƙara. Na ƙara. Sai na ji sanda a ƙasa. Na waiga, ya rufe ido, ya karkata kai, yana yi mini alama da yatsa in koma baya. Na koma kaɗan. Ya girgiza kai. Kaɗan kuma.

"Nan!"

Har karen Doña Tránsito ya yi haushi. Sai a lokacin na ji bambancin: sautin ya daidaita, ba ya tsalle. Na miƙe zan kashe, ya ce a'a da hannu. Muka bar shi yana aiki, muna saurare, har na soma jin tausayin man.

Ya cinye arepa biyu, wainar masara, da rana.

Litinin, 26 ga Agusta

Yanzu na shiga uku. Kullum da safe sai ya nuna wani abu da sanda. Sarƙa ta saki. Baƙin mai. Matatar iska. Jiya ya sa na kwance birkin baya gaba ɗaya, na ɗaura ba daidai ba, ya zage ni tas, na rama, Doña Tránsito tana ta yin alamar gicciye daga bayan shinge. Na sake ɗaurawa. Ya taɓa da sanda, ya yi shiru. A wurinsa wannan yabo ne.

Fulogi ya koma ruwan ƙasa, baƙin ya tafi. Na kai masa ya gani, ya saka a aljihu, sai da na roƙa ya ba ni.

Alhamis, 5 ga Satumba

Saƙon Yolima: in tabbatar mata kafin ashirin ga wata. Na karanta. Zan amsa.

Na ɗauki Baba zuwa asibiti, na ɗaure shi a bayana da zani. Mun hau hawan bayan makaranta a giya ta uku. Ina jin dariyarsa a bayana, rabin baki.

Talata, 10 ga Satumba

Na sauka kasuwa sayen gishirin shanu. Na tarar da irin dankali na shuka mai kyau, idanunsa sun fito, mai shi yana son tashi. Buhu biyu na ɗauko. Araha ce kawai, asara ne a bar shi. Mashin ya jawo su ko tari bai yi ba.

Nepo ya hango ni daga shagonsa ya ɗaga murya, "'Yar ƙasar zafi, wa zai tone wannan?" Na yi kamar ban ji ba.

Da na sauke a tsakar gida Baba ya sa na kwance bakin buhu. Ya ɗauki ɗaya, ya shinshina, ya dube ni. Ya ɗaga yatsu biyar, ya rufe, ya ƙara ɗaya. Na ce na sani, Baba, wata shida ne kafin a tone, ai ni ma a nan na girma.

Gobe zan tambayi Doña Tránsito wa ke da shanun huɗa yanzu.