Na'urar da Isyaku ya ɗauka kalkuleta ce

Zuwa ga ƙanena Garzali,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa daga Wudil, da fatan kai da Ikilima da yara kuna cikin ƙoshin lafiya. Allah ya ƙara rufin asiri, ya sa zaman Fatakwal ya ci gaba da zama alheri. Mu nan lafiya lau. Mahaifiyarmu Babba ta samu sauƙin ƙafarta, har ta koma faɗa da masu tallan nono, ka kuwa san wannan ita ce shaidar warkewarta. Shinkafarmu ta Dagumawa ta yi kyau bana, sai dai tsuntsaye sun karɓi zakka tun kafin a yi girbi.

Maganar Hidaya ce ta sa na ɗauki biro. Na rubuta sunan ɓaro-ɓaro don na san bakinka ba ya iya faɗinsa. Tun da ka miƙo min ita bayan yaye, shekara ashirin da biyu ke nan, “yarinyar nan” kake ce mata. To, yarinyar nan ta tsallake matakin farko na gurbin karatun noman shinkafa a Japan. Abu biyu ya rage: jarrabawar harshensu, da sa hannun mahaifi kafin ƙarshen watan gobe. Mutanen can ba su san kunyar ɗan fari ba, sunan da ke takardar haihuwa suke nema, kuma naka ne. A waya ka ce ni ne ubanta, in yi yadda na ga dama, sannan ka ƙara da cewa wannan yare ba na mutumin Wudil ba ne, kada a je a kunyata ta. Saurari abin da idona ya gani.

Da farko a wayarta take karatun. Data ta ƙare, caji ya ƙare, in kuma duka biyun sun samu, sai ƙawaye su turo hotunan biki. Muka tambayi kuɗin babbar waya mai faɗin allo, aka faɗa min abin da zai sayi rago a kasuwar Juma'a, na yi godiya na fito. A hanyar gida na tsaya wurin Isyaku mai gyaran waya, na tarar yana zazzage kwalin kayan gwanjo da ya saro a Kano. A ciki akwai wata aba kamar ƙaramin littafi mai murfi, da maɓallai da ɗan alƙalamin roba. Ya rantse min kalkuleta ce ta injiniyoyi, sai dai tana da aljanu, don in an taɓa ta takan yi magana. Na ga rubutun jikinta irin wanda Hidaya ke cika takardu da shi ne, kuma batirin rediyo take ci, babu ruwanta da wutar lantarki. Na saya a kuɗin da bai kai na takalmi ba, ina jin kaina gwani.

Ashe ƙamus ne, amma an yi shi ne don 'yan makarantar Japan masu koyon Turanci. Duk umarninsa da harshensu yake. Wato na sayo wa mai koyon iyo kwale-kwalen da ke ɗaure a tsallaken kogi. Matata Murja ta yi min dariya kwana uku, ta ce shekara talatin ina koyarwa, ga shi mai gyaran waya ya koyar da ni.

Hidaya kuwa ta karɓi na'urar. Ta zauna a tabarmar tsakar gida, ta riƙa kwaikwayon kowane zane na maɓallan da alƙalamin nan a kan ɗan gilashin, na'urar tana faɗa mata yadda ake furta shi da ma'anarsa da Turanci. Cikin mako uku ta gane maɓallan duka. Ni da na yi ta taƙama da haruffan boko da na ajami, sai ga ni ina kallon rubutun da harafi guda yake ɗauke da itace, uku su zama kurmi, kuma akwai dubbansu. Na yi ta tasbihi ga wanda ya bambanta harsunan bayinsa.

Shekaranjiya ta kira ni ta nuna min wani wuri da mai na'urar ta farko ta ajiye kalmomin da ta nema. Ta karanta min sunanta a bayan murfin, sunan mace ne, sannan ta bi jerin tana fassara min da Hausa ba tare da ta duba komai ba: girbi, kaka, fasfo, filin jirgi, kewar gida. Ta ce da alama ita ma waccan 'yar manoma ce da ta yi shirin barin garinsu. Garzali, dubi ikon Allah. Wata yarinya a ƙarshen duniya ta bar sawunta, ya ratso teku da kwalin gwanjo, ya zo Wudil hannun wadda za ta bi hanyar ta koma. Babba da ke gefe tana jan carbi ta ce a maimaita mata ta ƙarshen, aka maimaita, ta ci gaba da jan carbinta.

Ban ce lallai za ta ci jarrabawar ba, wannan na Allah ne. Amma kunyar da kake jin tsoro, ban ga alamarta ba. Na haɗo takardar cikin wannan ambulan, na sa alamar fensir inda za ka sa hannu.

Babba tana sa muku albarka. Murja da Bilya da Khaulat suna gaida Ikilima da Jamil. A gaida Malam Yahuza maƙwabcinka. Hidaya ma tana gaishe ka, ita ma a kunyace.

A layin da ke saman sa hannun, an ce uba ya rubuta cikakken sunan 'yarsa da kansa. Ba wanda zai ji ka. Ka rufe ƙofa ka rubuta.

Yayanka,
Abdulbaƙi