Ruwan da Na Dama wa Burkin Baba

Sabon Gari, Ƙauran Namoda,
Jihar Zamfara.
Litinin, 22 ga Satumba.

Zuwa ga Baffana Alhassan,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina fatan takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Mariya da yara. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sa albarka a garejinka, Ya kare ku daga ruwan Fatakwal da muke jin labarin ba ya ɗaukewa. Mu ma nan muna cikin rufin asirin Allah. Gero ya nuna a gonar bakin gari, amma ta Kurya Madaro bana ma ba a je ba, ka san dalili. Sa'ida ta zubar da haƙoran gaba, tana ta nuna wa kowa giɓin. Ni kuma mun koma makaranta, na shiga ajin ƙarshe. Inna za ta fita takaba ranar Asabar mai zuwa in Allah Ya kai mu, ta ɗan rame amma ta fara cin abinci.

Baffa, sau biyu kana kira a wayar Inna ana miƙo mini, sau biyun gaisuwa kawai nake yi in mayar. Ba rashin magana ba ne, bakina ne yake ƙi. Shi ya sa na rubuta, na ba Malam Kamalu mai tirelar shanu, ya ce Alhamis zai sauka garinku. Maganar a kan motar Baba ce, 'yar shuɗiyar nan mai ƙofa a baya, da abin da ya faru da safen ranar da ya rasu, wanda ni kaɗai na sani.

Ka san tun ina aji ɗaya ni ce mai taka masa burki in zai fitar da iska. Yaya Jamilu ba ya da haƙurin zama, ni kuwa Baba ya ce ƙafata tana jin magana. Sai ya kwanta a gindin taya da sifana, ya ce in taka, in taka, in riƙe, shi kuma ya kwance ɗan ƙaramin noti iska ta fita, ya ɗaure, sannan ya ce in saki. A ranar Alhamis ɗin nan ta kasuwar Shinkafi, da gari ya waye, ya tarar man burki ya tsiyaye ƙasa ta bututun tayar baya ta hagu. Shagon mai sayar da man bai buɗe ba, ga shi ƙarfe bakwai ayarin motoci ke tashi daga tasha. Yanzu ba mai bin hanyar nan shi kaɗai, wanda ayari ya bari ya haƙura da kasuwa ke nan. Sai ya sa guduma ya daddale bakin bututun ya toshe shi, ya ce burki uku ma sun isa. Ya ce in kawo ruwa a kofi in dama da garin sabulun wanki, yadda direbobi ke yi in sun matsu, in ya isa Shinkafi zai zubar ya sa mai na gaske. Ni na dama, Baffa. Na dama shi da kyau har ya yi santsi, na zuba masa a 'yar tukunyar man da hannuna.

Da na taka, burkin ya kama, amma da na riƙe sai na ji yana nutsewa a hankali ƙarƙashin ƙafata, kamar na taka jiƙaƙƙen soso. Baba ya tambaye ni daga ƙarƙashin mota ko ya yi tauri. Na ga yana ta duba agogo, ga fasinja sun fara aiko masa, sai na ce ya yi. Ya fito yana kakkaɓe riga, ya ce Allah Ya yi mini albarka, zai sayo mini rake. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Sauran ka ji shi yadda kowa ya ji. An ce a gangaren da ke gaban Badarawa shanu sun tsallaka titi, Baba ya hango maza a bayansu, ya ɗauka 'yan bindiga ne, ya ƙi tsayawa, ya kauce ya faɗa kwalbati. Duk wanda ya zo gaisuwa haka yake faɗa, har da cewa ya yi ta maza, don a hanyar nan ba a taka burki in an ga abin da ba a gane ba. Inna ta riƙe wannan magana, da ita take samun sanyi. Amma bayan sadakar arba'in na kai wa Gwaggo Asibi abinci, maƙwabciyarmu mai sayar da daddawa, wadda ke zaune a gaba kusa da shi ranar, ta karye a ƙugu. Tana ba ni labari sai ta ce masu shanun 'yan rugar wurin ne, su ne ma suka ciro su daga motar suna kuka. Ta ce abin da ba ta manta ba shi ne ƙafar Baba. Wai ya taka, ya sake takawa, ya danne ya riƙe yana salati, motar ba ta ko rage ba. Ita ta ɗauka totur yake takawa. Ni na san abin da yake takawa, don ni ya koya wa irin wannan takun.

Makon jiya a darasin Fiziks, Malam Zaharaddeen ya zana burkin mota a allo. Ya ce man burki an yi shi ne don ya jure zafi, ruwa kuwa in burki ya ɗau zafi tafasa yake yi ya zama tururi, tururi kuma in an danna shi matsewa yake yi, ƙafa ta tafi har ƙasa ba abin da ya kama. Ya ce a sanyi ruwan yakan yi kamar yana aiki, shi ya sa yake yaudarar mutane. Na tuna zafin watan Mayu, da mutum shida, da buhunan da aka ɗaure har ƙofar baya ba ta rufuwa. Ban iya kwafe zanen ba. Tun daga ranar, ina zaune a aji sai in ga ƙafata ta dama tana danna ƙasa da kanta. Wani lokaci ina wanki, in kumfa ta taso a bokiti, sai in ji kamar daga ƙasa ana tambayata ko ya yi tauri. Na daina bi ta zaure in motar na nan, ta ƙofar baya nake fita.

Ga abin da ya sa ban iya ci gaba da shiru ba. Yaya Jamilu ya gyara motar. An buga gaban, an sa gilashi, an yi fenti, ya ƙara mata ƙarfen baya don ta ɗauki kaya, har da sabon ham mai kukan tirela. Burki ne kawai bai taɓa ba, tunda kowa ya ce ba burki ba ne. Ya ga tukunyar ta yi ƙasa, ya ƙara mai a kan abin da ke ciki, ya zagaya unguwa sau biyu ya ce tana kamawa kamar sabuwa. Ranar Lahadi, kashegarin fitar takaba, zai kai Inna da Sa'ida Birnin Tsaba wajen dangin Inna, ta hanyar Zurmi, da buhun gero biyu a baya.

Na gwada gaya masa. Shekaranjiya yana wanke motar na tsaya daga nesa na ce ko zai sa a duba bututun baya. Ya yi dariya ya ce to Injiniya, yaushe aka buɗe gareji a makarantar 'yan mata, ya ce in je in kama wa Inna tankaɗe. Da na ce ruwa ne a ciki, sai fuskarsa ta canja, ya ce kada ya ƙara jin na ɗora wa Baba ganganci yana kabarinsa. Ban iya ƙarasa cewa ni na dama ba.

Kai ne ƙanen Baba, kai ka koya wa Yaya tuƙi, maganarka kaɗai ba ya mayarwa. Don Allah ka kira shi ranar da takardar nan ta same ka. Ka ce a zubar da duk abin da ke ciki a wanke, a canja bututun tayar baya ta hagu, zai ga wurin da guduma ta daddale. Malam Zaharaddeen ya ce sabulu yana cin robobin ciki, su ma a duba. Na kuma tuna zuwanka na Sallar bara, da ka ce wa Baba motar da ke ɗaukar kayan da suka fi ƙarfinta tana son babbar mastar burki da faya-fayan burkin gaba masu faɗi, ya ce sai bayan kaka. In za a iya, a yi mata yanzu. In kuma sai an faɗi wanda ya dama ruwan kafin Yaya ya yarda, ka faɗa. Abin da nake roƙo kawai, Inna kada ta ji a bakin waje, ka bari in gaya mata da kaina bayan ta fita.

Ka yafe mini abu guda. Ƙarfen da ka ji a cikin ambulan makullin motar ne, shi ke nan guda ɗaya da Baba ya bari. Ɗazu na zare shi daga ƙusar ɗakin Yaya yana masallaci. Ban taɓa ɗaukar abin wani ba, kuma na san zai iya kiran mai wayarin ya tayar da ita ba makulli, amma ba zai yi haka ba sai ya gaji da nema, kafin nan ka ji. In an gyara, ni zan zauna in taka musu, kuma wannan karon abin da ƙafata ta ji shi zan faɗa.

Ka gaishe mini da Anti Mariya, da Nadiya da Abdulbasit da ɗan auta Haidar. Inna ba ta san na rubuto ba, amma kullum tana sa ku a addu'a. Ka sa Baba a taka addu'ar, ni ma ka sa ni.

Ɗiyarka,
Mubaraka.