Labarin Hadiza da Awaki Suka Ci

Arlit, daren Talata, watan Sha'aban

Har yanzu raina bai huce ba. Yau Yaya Isufu, wan maigidana, ya jefa littafin ɗiyata Hadiza a juji, ina tsaye ina kallo.

Wata uku tana rubuta labarin nan bayan ta taso daga lakwal, makarantar boko. Wata yarinya ce ta shiga tsohon ramin ma'adinai, ta ɓullo a wani Arlit inda aka yi damina, ba sojoji a hanya, ba a sallami babanta daga aiki ba. Can ta tarar da wata Hadiza mai kumatu. Ranar da ta karanta mini na yi dariya, na kuma share hawaye.

Shi Yaya Isufu wai labarin jayayya ce da ƙaddara. Na ce, "Yaya, ni ma na sauke Alƙur'ani. Yarinya tana sallarta, tatsuniya ce kawai." Ya ce in rufe baki. Kafin in ɗauko littafin, awaki sun cinye rabi.

Hadiza ko tuwo ba ta taɓa ba. Na ce gobe ta faɗa mini daga farko, ni in rubuta da ajami. In ya isa, ya wulaƙanta takarda mai baƙaƙen Larabci.