Jar Kazar Mama Ta Mutu a Kan Ƙwai

Yaya Saratu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya jikinki, yaya maigida da yara, yaya zaman Legas? Mu a Kafanchan muna nan da rai, amma zuciyata ba daɗi.

Kajin da Mama ta bar mana sun ƙare, Yaya. Ranar bikin godiyar kaka, Baban Yohanna ya sayo zakara a gwanjon coci. Don murna bai ɗaure shi a gefe mu ga lafiyarsa ba, ya sake shi cikin sauran. Ya ce abin da aka sa wa albarka ba zai kawo ciwo ba. Ashe da ciwonsa ya zo.

Sai suka fara gyangyaɗi, fukafukai a ƙasa. Na jiƙa barkono da ɓawon maɗaci na ba su, duk a banza. Jar kazar nan da Mama ta fi so ita ce ta ƙarshe, a kan ƙwanta na same ta.

Ƙwan da sauran ɗumi, sai na naɗe su a zane na bi gida-gida neman kaza mai kwanci. Kowa ya ƙi, don tsoron ciwon. Ban ga laifinsu ba. Na ajiye su kusa da murhu har suka fara wari.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaida yara, ki gaya musu kada su sa rai da kazar Kaka wannan Kirsimeti. Har yau da safe na ɗebo tsaki na fita tsakar gida, sai da na watsa na tuna.

Ƙanwarki,
Rifkatu