Takalman Baƙon Baba

Zuwa ga Yayana abin ƙauna,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, tare da addu'ar Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har ta koma faɗan da ta saba, Auta kuma ta fara koyon ɗinki, ta riga ta lalata wa Kawu wando.

Yaya, maganar gonar kajin Baba ce ta sa na rubuto. Ka san babban kamfanin nan na magungunan dabbobi mai rassa a ƙasashe da yawa, wanda muke sayen allurar rigakafi a wurinsa. Kwanakin baya wakilinsu ya zo tallar sabon magani, mutum mai fara'a, da takalma sai ƙyalli. A bakin ɗakin kaji akwai daron ruwan magani da kowa ke tsoma ƙafa kafin ya shiga, kamfanin ne ma ya koya mana haka. Da Baba ya dubi takalman, sai ya sa ƙafa ya ture daron gefe, ya ce ba a gidansa za a jiƙa wa baƙo takalmi ba, baƙonka annabinka. Wakilin ya dubi daron, ya yi dariya, ya shiga. Yana zagayawa yana ba Baba labarin gonakin da ya biyo tun safe.

Ba ni da hujjar cewa shi ya kawo mana cuta, kuma ba na son in ɗora wa bawan Allah abin da ban tabbatar ba. Abin da na gani da idona zan faɗa. Tun bayan zuwansa kajin sun rage ci, ƙwai ya ja baya, wanda ake samu ma ɓawonsa laushi. Zankon kansu ya fara yin baƙi-baƙi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne shirun. Ka san ɗakin nan, ko magana ba a ji saboda kyarkyara, yanzu kuwa ƙarar fanka kaɗai ke tashi. Kullum da safe Baba na fitar da matattu a buhu, yana cewa zafi ne.

Na kira ofishin kamfanin. Wata mai ladabi ta ce suna bibiyar lamarin, rigakafin wannan sabuwar cutar a wata nahiya ake yin sa, kuma in ya iso manyan gonakin da ke da yarjejeniya da su za a fara ba. Da na nemi wakilin, ta ce an dakatar da ziyarar gonaki gaba ɗaya. Ba ta faɗi dalili ba, ni ma ban tambaya ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Ga inda gizo ke saƙar. In aka sanar da hukumar dabbobi, za su hallaka kajin duka, masu ciwo da masu lafiya. Baba ya ce ba zai tsaya yana kallon guminsa ana zubawa a rami ba. Ya yi magana da dillali ya zo ranar kasuwa ya kwashe masu sauran kuzari. Na ce masa wannan raba wa gari ciwo ne, kuma irin wannan cuta wani lokaci ba ta tsayawa a kan kaza. Ya ce boko ya sa ni tsoron inuwata. Inna ta yi magana, ya ce ta ji da ƙafarta. Kai kaɗai yake saurara, Yaya. Don Allah ka kira shi kafin ranar, kada ka ambaci daron, kunyarsa ce ke ƙara masa taurin kai.

Ɗazu matar maƙwabcinmu ta leƙo tana tambaya ko namu kajin ma sun daina ci, don nata sun kwanta, ƙaramin ɗanta kuma jikinsa da zafi. Akwatunan dillali suna nan jere a zaure.

Ka gaishe mini da matarmu, da takwaran Baba, da uwar ɗakina mai kuka. Inna, Goggo da Kawu duk suna gaisuwa. Allah ya tsare mu da abin da muke gani da wanda ba mu gani.

Taka har kullum,
Ƙanwarka