Farar waya da toka-toka a hannun Yaya

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a ɓoye sunana. Shawara nake roƙo don Allah, ku yi haƙuri da rubutuna, ni ajami na tashi da shi, boko da girmana na koya.

Ni ɗan kasuwar goro ne a Sabo, nan Ibadan. Akwai wani bawan Allah mai gyaran wayarin mota a unguwarmu, Yaya nake ce masa duk da ba ciki ɗaya muka fito ba. Tare muka yi makarantar allo, shi ya yi mini wakili ranar aurena, kuma har yau a sahu kafaɗata na jikin tasa. Tun da na fara riƙe mota ba wanda ya taɓa wayarinta sai shi.

Kwanakin baya motata ta fara shan mai, ga baƙin hayaƙi, ga wata wuta ruwan lemo da ta kama a dashbod. Aka ce sensa ce ta mutu, wadda ake ɗaurawa jikin salansa tana shinshinar hayaƙi. Irin mai hita ce, wato tana da abin da ke ɗumama ta da zarar an tada mota. Wadda na samo bakinta bai shiga soket ɗin motata ba, Yaya ya ce ba komai, zai yanke ya haɗa da hannu. Waya huɗu gare ta, farare biyu, baƙa ɗaya, toka-toka ɗaya. Ya haɗa ya naɗe, yana yi mini tsiya wai ɗan goro ya sayi motar da ta fi shi ilimi.

Ban kai ko Mokola da ke nan kusa da mu ba wutar ta dawo. Na koma, ya ce fis ne ya ƙone, ya canza. Washegari ya sake ƙonewa. Da na koma, sai ya ce fis ɗin zamanin nan ba su da ƙwari, ya tsinko siririyar waya ya cusa a gurbinsa, ya ce in yi ta hawa, sai sensar ta saba da injin. Na yi ta hawa, amma duk sanda na tsaya sai in ji ƙaurin roba, in fito in zagaya mota kamar wanda ya yar da abu. Uwargida ta ce ita da 'ya'yanta ba za su ƙara shiga ba, gara keke napep, ta kuma ce kunya ce za ta ƙone ni a titi.

Ranar da na je Ojoo tarbar kaya, sai na karkata wajen wani Bayarabe mai na'urar duba mota. Ya jona, ya ce layin hitar ne. Ya warware naɗin, ya kira ni in gani da idona. Farare biyun su ne na hita. Yaya ya ɗauki toka-tokar a matsayin fara, ita kuma farar ya kai ta gurbin toka-toka. Da mutumin ya ga wayar da ke gurbin fis sai ya dafe kai, ya nuna mini inda roba ta fara narkewa. Ya ce wanda ya yi naɗin nan tsohon hannu ne, aikinsa tsaf, ba jahilci ba ne. Sai ya ce, "Alaji, ejo, don Allah, mai aikin nan yana gani sosai kuwa?"

Wallahi a nan na farga. Abubuwa suka riƙa dawo mini. Yadda yanzu yake kai Alƙur'ani dab da fuska. Yadda nake ɗaga masa hannu daga tsallaken titi ba ya kiran sunana sai ya ji muryata. Duk na gani, ban taɓa haɗa su ba.

Aka sa sabuwar sensa da fis na gaskiya, wuta ta mutu, ƙauri ya tafi. Da la'asar Yaya ya leƙa motar a ƙofar masallaci, ya sa kansa har jikin sitiyari, ya ɗago yana dariya. "Ban faɗa maka sai ta saba ba?" Na ce Alhamdulillahi kawai. Tun ranar ban da sukuni. In na zauna a rumfa sai in tashi, in na ɗauki carbi sai in rasa inda na tsaya.

Yaya ba shi da wata sana'a, gidansa cike yake da iyalin da yake ciyarwa. A Sabo kuwa magana ba ta kwana, in aka ji idon mai wayarin ya raunana, ko okada ba za a ƙara kai masa ba. Kuma yana da zuciya, ya taɓa yanke gaisuwa da wani don kawai ya kai motarsa wajen Yarabawa. Ni ga shi na kai, na kuma ɓoye. Na yi tunanin in ce ya raka ni asibitin ido kamar ni ne mai ciwon, amma in likita ya juya kansa zai gane, kuma ba na son in haɗa da ƙarya. Uwargida ta ce in gaya wa liman, ni kuma ina ganin tonon asiri ne.

Abin da ya sa na kasa ƙara jira, yau da safe na wuce ta gaban shagonsa na ga bas ɗin da ke kwasar yaran Islamiyya, bonet a buɗe, Yaya ya sunkuya ciki da almakashi. Direban ya ce ita ma irin wutar ce ta kama, gobe za a kawo sensar. 'Ya'yana biyu a bas ɗin nan suke tafiya.

To jama'a, yaya zan yi? In same shi mu biyu in faɗa masa komai, ko da zai daina kallona? Ko in ja direban gefe, alhali na san daga nan maganar za ta zaga unguwa? Wanda ya taɓa gaya wa babba irin wannan magana ya koya mini da wace kalma ake farawa. Anjima za mu haɗu a sallar azahar, kuma na san zai matsa ya ba ni wuri kusa da shi.