Kullum Kore Nake Taɓawa

Assalamu alaikum Tanti Habsu. Don Allah ki taimake ni, kuma ki sakaya sunana, don a nan Gure ko "wata yarinya" aka ce sai an gano ko wace ce.

Ni 'yar kwalej ce, ina da ciwon farfaɗiya tun ina ƙarama. Ina shan magani, faɗuwar ta ragu, alhamdu lillahi. Amma gajiya, Tanti! Nakan tashi da safe kamar na kwana ina daka. A littattafan soyayyar da nake karantawa, in yarinya ta suma, wani mai ƙamshin turare ne yake tare ta kafin ta kai ƙasa. Ni duk faɗuwar da na yi ƙasa ce ta tare ni.

Likitan da yake duba ni a Damagaram ya sa ni cikin wani shiri na waya, na koya wa masu ciwo irin nawa raba ƙarfinsu: a huta tun kafin a galabaita, a yi wanki a zaune, kada a haɗa manyan ayyuka a yini ɗaya. Kullum da safe, in rezo, wato layin waya, ya yarda, muryar wani namiji takan gaishe ni, ta tambaye ni gajiya. In babu sai in taɓa kore, in kaɗan ce ruwan ɗorawa, in ta yi yawa ja.

Ban san sunan mai muryar ba, na raɗa masa Zubair. A raina dogo ne, yana da tabarau, ba ya hayaniya.

To Tanti, ni tun da nake ban taɓa jin an ce wa mutum "ina gajiya" ya ce akwai ba. Kakata, ranar da za ta rasu, "babu gajiya" ta riƙa ce wa masu dubiya. Ina ni ina kai wa baƙon namiji kuka da sassafe, ban ko wanke ido ba? Kullum kore nake taɓawa. Shi kuma sai ya yaba mini, ya ƙara mini tafiyar motsa jiki. Nakan yi, don kada ya ji kunya. Ranar nan na yi barci a aji, sai da mushe, malaminmu na lissafi, ya gama darasi ya tashe ni in share allo.

Yanzu saƙo ya zo wai na samu sauƙi sosai, ƙarshen wata za a sallame ni a ba wani wurina. Inna ta ji saƙon, ta yi guɗa, ta maido mini da taɓaryata da ɗiban ruwa. Ni kuwa na sani, duk lokacin da na gaji haka faɗuwa ba ta da nisa, kuma bakin rijiya nake zuwa. In na taɓa ja yanzu, Zubair zai ce ni maƙaryaciya ce. In ban taɓa ba, za mu rabu ke nan. Yaya zan yi?

Taki, Mai Kunya, Gure.

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Tarbiyyarki ba ta da laifi, kuma Allah ya ji ƙan kakarki. Amma ita maƙwabta ta ce wa babu gajiya. Tambayar likita ba gaisuwa ba ce, awo ne, kamar na zafin jiki.

Mu fara da rijiya. Daga yau kada ki je, ko da rakiya. Ki zaunar da Inna ki gaya mata abin da kika gaya mini. Kada ki ga laifinta, abin da kika shaida wa waya shi waya ta shaida mata. Ayyukan zaune suna nan, tsince wake da gyaran ganye, ki karɓe su don ta ga ba ƙyuya ba ce.

Sannan ki aika wa masu shirin cewa koren nan na ladabi ne, a gyara. Ba ke kaɗai ba ce, ina kyautata zaton rabin masu koren haka suke. Ki kuma koma wurin likita da labarin barcin aji, ko maganin yana buƙatar dubawa. Kada ki rage shi da kanki.

Batun Zubair kuwa, ki yi haƙuri. Muryar naɗaɗɗiya ce, da ita yake gaishe da tsofaffi a Kelle da Gidigir a daidai lokacin da yake gaishe ki. Mai duba amsarki wataƙila wata malamar asibiti ce mai jikoki, kuma jan nan shi take nema. Littattafanki ki ci gaba da karantawa, a lokacin hutun rana, a kishingiɗe. Ko shirin ma zai yarda da wannan.

Gobe in ya tambaya, ki taɓa ja. In ma akwai shi da tabaraunsa, wanda ba zai iya jin kin gaji ba bai cancanci gaisuwarki ta safe ba.

Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa. Sannu da gajiya, kuma wannan ba sai kin amsa ba.

Tanti Habsu